Tambaya da Amsa: Ƙwaro Mai Tsalle a Gonar Dankalin Turawa

Yawancin wasiƙun da suka iso teburinmu a nan Jos cikin wannan wata daga manoman dankalin turawa suka fito, musamman masu noman rani a Bokkos da Mangu da Barkin Ladi, kuma kusan dukkansu kuka ɗaya suke yi, wato ganye yana ƙonewa alhali babu ruwan sama. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu waɗanda amsarsu za ta wadatar da sauran.

Tambaya daga wani manomi a ƙaramar hukumar Bokkos: Assalamu alaikum. Na shuka dankali irin Nicola a watan Nuwamba, ina ba shi ruwa daga kududdufi. Ya tashi da kyau, amma da ya kusa fure sai bakin ganyen ya fara yin rawaya, daga baya ya bushe ya naɗe. Na ɗauka bilait ce, na yi ta feshin mancozeb, ban ga canji ba. Idan na ratsa kunya, wasu ƙananan ƙwari koraye suna tashi. Wace cuta ce wannan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a haƙa lafiya. Bisa ga abin da ka bayyana, ƙwarin nan da kake gani suna tashi su ne suke ƙona maka ganye, kuma shi ya sa mancozeb bai yi maka amfani ba, domin shi maganin cututtuka ne irin su bilait, ba ya kashe ƙwaro ko da ka juye leda guda a injin feshi. Kuɗin da ka kashe a kansa sun tafi a banza, kuma abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne makonnin da ƙwaron ya samu yana hayayyafa ba tare da an taɓa shi ba.

Wannan ƙwaro mai tsalle yana cikin dangin da masana suke kira Empoasca. Tsawon babbansa kimanin milimita 3 ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba, launinsa kore ne mai haske, kansa ya fi bayansa faɗi, kuma da zarar an taɓa shuka sai ya yi tsalle ko ya tashi. Macen tana cusa ƙwanta ne a cikin jijiyar ganye da karansa, inda ido ba ya gani, ƙwan kuma yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10. 'Ya'yan da suke fitowa ba su da fiffike, suna zaune a bayan ganye, kuma suna da wata ɗabi'a da za ta taimake ka ka gane su: idan ka juya ganyen, sai su ruga da gudu a kaikaice, su zagaya ɗaya gefen. Darɓa ba ta yin haka, tana nan a cunkushe wuri ɗaya da ƙyar take motsi, farin ƙuda kuwa launinsa kaɗai ya isa ya bambanta shi. Cikin kimanin mako biyu 'ya'yan suke zama manya, saboda haka a lokacin ɗumi, daga ƙwai zuwa ƙwai bai wuce mako uku zuwa huɗu ba, dankalin da yake yin wata uku a gona yana iya ganin zuriya biyu ko uku.

Ɓarnar da yake yi ta fi ƙarfin ɗan ruwan da yake tsotsa. Yana soka bakinsa a jijiyar ganye, yana yayyaga ta, yana kuma zuba miyau wanda yake sa ƙwayoyin wurin su kumbura su toshe hanyar da abinci yake bi. Ganye shi ne yake haɗa abincin shuka da hasken rana, ya tura shi ƙasa ya zama dankali. Idan hanyar ta toshe, lamarin kamar magudanar lambu ne da aka datse a tsakiya, ruwa yana nan a sama amma bai isa fangali ba. Abin da ya sa nake ɗaukar wannan ƙwaro da muhimmanci shi ne, raguwar amfani tana farawa tun ganye yana kore, kafin manomi ya ga wata alama. Rawayar da ka gani a tsinin ganye, mai siffar kusurwa uku, wadda take bin gefe-gefe har ta zama ruwan ƙasa ganyen ya naɗe sama, ita ce matakin ƙarshe na aikin da aka daɗe da farawa.

Duk da haka, kada ka tsaya a kan maganata ba tare da ka duba da idonka ba, domin abubuwa da yawa suna busar da ganyen dankali. Bilait, wadda manoman Filato suka sha wuya a hannunta, cutar sanyi da laima ce, ta fi tsanani a watannin Yuli da Agusta lokacin da ruwa da hazo suke kwana a gona. Tabonta baƙi-baƙi ne mai kama da jiƙaƙƙe, yana fitowa a ko'ina a jikin ganye, da safe za ka ga wani farin gashi-gashi a bayansa, kara ma yana yin baƙi, kuma tana iya cinye gona cikin 'yan kwanaki. Akwai wata cutar tabo da take kama tsofaffin ganyaye, tabonta yana da zobba-zobba ɗaya cikin ɗaya. Ƙarancin sinadarin fotash ma yana ƙona gefen ganyen ƙasa, amma ba za ka sami ƙwari a bayansa ba. Idan kuwa shuka ta yi yaushi tana kore, ka yanka karan ka tsoma a kofin gilashi mai ruwa. In ka ga wani farin abu yana zubowa daga yankan, cutar yaushi ce ta bakteriya, kuma babu feshin da yake maganinta.

Ga yadda za ka tabbatar. Ka shiga gona da sassafe, lokacin da sanyin hunturu ya sa ƙwarin suka yi nauyi, ka zaɓi wurare biyar a warwatse, har da bakin gona, a kowane wuri ka juya ganye goma daga tsakiyar shuka a hankali, ka ƙirga 'ya'yan da ba su da fiffike. Ma'aunin da manoman dankali suke bi a Amurka, inda aka daɗe ana nazarin wannan ƙwaro, shi ne idan an sami ɗa ɗaya a kowane ganye goma, lokacin ɗaukar mataki ya yi. Wato idan ka sami biyar ko fiye a cikin ganye hamsin ɗin nan, kada ka jira. Adadin zai yi maka kama da kaɗan, amma haka ƙwaron yake, ba sai ya yi yawa yake ɓarna ba. Wannan dubawa ya kamata ta zama aikin kowane mako tun daga lokacin da shuka ta rufe kunya.

Game da gonarka ta yanzu, ganyen da ya ƙone ba zai dawo ba. Amma tun da ka ce dankalin yana bakin fure, lokacin da 'ya'yansa suke fara kumbura ke nan, saura makonni masu yawa da yake bukatar ganye, don haka ceton sauran ganyen yana da riba. Ka karanta amsa ta uku a kan magani, sannan ka kula da ban ruwa a kan lokaci, domin shukar da take fama da ƙishirwa ta fi saurin ƙonewa. Da a ce saura mako biyu ka haƙa, da na ce ka riƙe kuɗinka.

Tambaya daga wata manomiya a Mangu: Mu ƙungiyar mata ce, muna noman dankali kusa da gonakin wake da gyaɗa. Kuɗin magani yana yi mana yawa. Shin akwai abin da za mu yi tun kafin ƙwarin su zo? Kuma da gaske ne dogon yaro yana aiki?

Amsa: Malama, sannunku da ƙoƙari, Allah ya yi wa ƙungiyarku albarka. Tambayarki ta ƙunshi rabin amsarta, domin wake da gyaɗa da waken suya da kuɓewa da gauta duk abincin wannan ƙwaro ne. Muddin suna kore yana zaune a cikinsu, idan aka cire su ko suka bushe a ƙarshen damina, sai ya tashi ya nemi kore mafi kusa, kuma a watan Nuwamba babu abin da ya kai lambun dankali kore. Saboda haka, idan da hali, ku nesanta dankali daga waɗannan gonaki, idan kuma babu hali, ku san cewa makon da maƙwabta suke roron wake shi ne makon da za ku ninka dubawa, ku fara da kunyoyin da suke fuskantar gonar waken, domin nan ƙwarin suke fara sauka. Sau da yawa feshin waɗannan kunyoyi na baki kaɗai yana wadatarwa idan an yi shi da wuri.

Lokacin shuka ma magani ne wanda ba a biyan kuɗinsa. Tudun Jos yana da tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kuma sanyinsa ne ya sa dankalin turawa yake yi a nan fiye da ko'ina a Nijeriya. Wannan sanyi yana rage saurin hayayyafar ƙwaron. Wanda ya yi shukar rani da wuri, dankalinsa yana yin 'ya'ya a cikin sanyin Disamba da Janairu, ya haƙa kafin zafin Fabrairu da Maris. Wanda ya makara kuwa, dankalinsa yana fure daidai lokacin da ƙwarin suke kan ganiyarsu, ga shi zafin ma da kansa yana hana dankali girma. Ku kuma yi ƙoƙari ku shuka lokaci ɗaya da maƙwabtanku, don kada lambun da aka haƙa ya riƙa tura ƙwari zuwa ga wanda yake tasowa.

Ku nome ciyawa a cikin gona da gefenta, ku tumɓuke gyauron dankali da ya fito daga ragowar bara, ku riƙa juya shuka da masara ko acca. Masara tana da nata ƙwaro mai tsalle, wanda yake yaɗa cutar zane-zane a ganyenta, amma shi dangin ciyawa yake ci, ba abin tsoro ba ne ga dankali. Ku yi hattara da yuriya: idan ta yi yawa, ganye yana yin laushi da ruwa-ruwa, abin da ƙwari masu tsotso suke so ke nan. Takin NPK daidai gwargwado tare da takin gargajiya da ya ruɓe sosai ya fi. Akwai kuma bambanci tsakanin iri da iri, domin ganye mai gashi yana wahalar da ƙwaron wajen ci da saka ƙwai, kuma da wannan dabara ce masu kyautata irin auduga a Afirka suka shawo kan danginsa tun da daɗewa. Tun da ku ƙungiya ce, ku lura da irin da ya fi jurewa a gonakinku, ku kuma nemi shawara a tashar binciken dankali da ke Kuru, wadda reshe ce ta cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike a Jihar Abiya.

Dogon yaro yana aiki, amma sai an san iyakarsa. Ƙarfinsa ya fi yawa a cikin ƙwallon 'ya'yan, ganyen bai kai shi ba. Ana ɓare busassun 'ya'ya, a daka ƙwayar, a jiƙa giram 50 a kowace lita ta ruwa, wato giram 750 ga injin feshi mai lita 15, a bar shi ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe bakin injin, a ƙara ɗan sabulu kaɗan domin ya kama ganye. A fesa da yamma, saboda rana tana kashe ƙarfinsa, a kuma tabbatar ya jiƙa bayan ganye. Ba ya kashe ƙwaro nan take. Yana hana shi ci ne, yana kuma hana 'ya'yan girma, don haka sai an maimaita bayan kwana 5 zuwa 7, kuma ya fi amfani tun ƙwarin suna kaɗan. Idan gona ta riga ta cika, shi kaɗai ba zai cece ta ba. Bishiyar ta fi yawa a wurare masu zafi, don haka ku sayi 'ya'yan ku adana tun kafin lokacin bukata. Wata fa'idarsa ita ce ba ya ƙarar da gizo-gizo da sauran ƙwarin da suke cin ƙwaro mai tsalle da darɓa, waɗanda suke yi muku aiki kyauta.

Tambaya daga wani matashi a Barkin Ladi: Ina haɗa magunguna iri biyu ko uku, har ina ƙara yawan awon, ƙwarin su mutu, amma bayan mako ɗaya sai su dawo. Wane magani ne ya fi ƙarfi?

Amsa: Ɗan'uwa, dawowarsu tana da dalilai, kuma ƙarfin magani ba ya cikinsu. Ƙwan yana ɓoye a cikin jijiyar ganye, feshi ba ya kai gare shi, saboda haka abin da kake gani bayan mako ɗaya sababbin ƙyanƙyasa ne, tare da manya da suka shigo daga gonakin kewaye. Bayan haka, yawancin masu feshi saman ganye suke jiƙawa suna tafiya da sauri, alhali 'ya'yan suna ƙasa. Ka juya bakin sandar feshin ya kalli sama, ka shigar da shi cikin shuka, ka rage sauri. Wannan gyara kaɗai yana iya yi maka abin da ƙarin awo bai yi ba.

Ka daina kallon sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwalba, ka nemi sunan sinadarin da yake ciki, wanda ake rubutawa da ƙanana. Cypermethrin da lambda-cyhalothrin da deltamethrin gida ɗaya suke, hanya ɗaya suke kashe ƙwaro, saboda haka wanda ya haɗa biyu daga cikinsu magani ɗaya ya saya sau biyu. Imidacloprid da acetamiprid da thiamethoxam wani gida ne daban, su suna shiga jikin ganye, ƙwaro ya tsotso su, shi ya sa suka fi daɗewa suna aiki a kan masu tsotso. Ƙa'ida ita ce ka yi amfani da gida ɗaya a awon da aka rubuta, ka koma ka ƙirga bayan kwana 7 zuwa 10, idan adadin ya sake kai ma'auni, sai ka fesa na ɗaya gidan. Wanda yake maimaita gida ɗaya kullum, ko yake gwamutsa su duka a lokaci guda, yana renon ƙwarin da babu maganin da zai kashe su ne, kuma ba gonarsa kaɗai abin zai shafa ba. Akwai wata illa ta gidan farko da ba a cika faɗa wa manoma ba: yawan fesa shi yana share ƙwarin da suke cin darɓa, sai darɓa ta yi yawa, ita kuwa ita ce take yaɗa cututtukan bairos da suke lalata iri.

Ka sayi magani mai lambar rajistar NAFDAC, wanda wa'adinsa bai ƙare ba, a cikin kwalbarsa ta asali. Wanda ake tsiyayawa a gorar ruwa ba ka san abin da yake ciki ba. Ka yi feshi da sassafe ko da yamma, lokacin da babu iska mai ƙarfi, ka ba iska baya, ka sa riga mai dogon hannu da takalmin roba da safar hannu da abin rufe hanci, kada ka ci goro ko ka sha wani abu kana cikin aiki. Imidacloprid da danginsa suna kashe ƙudan zuma, don haka ka nome ciyawa mai fure kafin ka fesa. Cypermethrin da danginsa kuwa guba ne ga kifi, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai, domin kududdufan da haƙar kuza ta bari su ne ruwan ban ruwa da na dabbobi da na wanki a ƙauyuka da yawa. Kada ka wanke injin feshi a cikinsu, kada ka jefa kwalba. A jikin kowace kwalba an rubuta adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi, ka kiyaye su, domin dankalin da aka loda a Maikatako ko aka sauke a Farin Gada tukunyar mutane zai shiga. Idan wani ya sha maganin ko ya ji jiri da amai bayan feshi, a cire masa tufafin, a wanke jikinsa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. Ba shi madara ko manja ba magani ba ne, yana jawo jinkiri kawai.

Tambaya daga wani manomi a Riyom: Gonata ta sha ƙunar ƙwarin nan. Zan iya ajiye iri daga cikinta?

Amsa: Malam, ita ƙunar ba cuta ba ce da take shiga cikin dankali, rauni ne da ƙwaro ya yi wa ganye, don haka ba ta bin iri zuwa shuka ta gaba. Abin da za ka samu shi ne 'ya'ya ƙanana. Amma a nan haɗarin yake, domin manoma sun saba ware ƙananan dankali a matsayin iri bayan an tara amfani, kuma shukar da take ɗauke da bairos ita ma ƙanana take bayarwa, ga shi a cikin tsibi ba a bambanta su. Gonar da ƙwaro mai tsalle ya samu sakewa, sau da yawa darɓa ma ta samu, kuma ganyen da ya ƙone yana ɓoye alamun bairos, kamar naɗewar ganyen ƙasa da taurinsa, ko dabbare-dabbaren kore da rawaya. A wasu ƙasashe, kamar Meziko da Amurka, wasu daga cikin dangin ƙwari masu tsalle suna yaɗa wata cuta da take sa saman shuka ya yi shunayya, ƙananan dankali su fito a jikin kara, irin kuma ya yi tsiro siriri marar ƙarfi. Duk shukar da ka gani da irin wannan alama, ka tumɓuke ta da 'ya'yanta, ka nuna wa malamin gona.

Idan ƙunar ta mamaye gonar har ba ka iya tantance mai lafiya, ka sayar da amfanin na ci, ka nemi iri mai tsabta daga tushe da ka amince da shi. A shuka ta gaba, tun kafin fure ka bi kunya ka kafa tsinke a gindin kowace shuka mai ƙarfi da lafiyayyen ganye, ka sake dubawa bayan mako biyu ka cire tsinken duk wadda ta canza, sannan ranar haƙa ka fara da masu tsinke, ka ajiye 'ya'yansu masu girman ƙwan kaza daban, a wuri mai iska da haske amma ba cikin rana ba.